Injin Ban Ruwa Mai Gudu Fiye da Ƙima

Noman rani a ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo ya dogara ga ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur. Manomin albasa a fadamar Kwargaba, in injinsa ya mutu a tsakiyar rani, ya yi hasarar shuka, ga kuma bashin taki a wuyansa. Abin da ke kashe injuna da yawa kuwa shi ne gudu fiye da ƙima.

A cikin kowane inji akwai wata na'ura da makanikai ke kira gwamna. Aikinta kamar na linzami ne ga doki. Wani sifirin yana jan totur ya buɗe, waɗansu 'yan ƙarafa kuma da ke juyawa a cikin injin suna tura shi ya rufe in gudu ya yi yawa. Ta haka injin ke tsayawa a wajen juyi 3,600 cikin minti guda.

In inji ya riƙa kururuwa ko ba a taɓa totur ba, sai a kashe shi nan da nan, a duba waɗannan bi da bi:

1. Sifirin. Waɗansu manoma su kan ɗaure shi da waya ko roba, wai don ruwa ya ƙaru. A kwance, a mai da shi raminsa na asali.
2. Kusar silo ta jikin kafireta. In an matse ta da yawa, a sassauta kaɗan kaɗan.
3. Gasket na tsakanin kafireta da inji. In ya yage, iska na shiga, sai a sake sabo.
4. Notin hannun gwamna. In ya saki, a tura hannun har totur ya buɗe duka, a juya sandar gwamna ta wannan fuska har ta tsaya, sa'an nan a ɗaure.

In duk an yi haka bai daidaita ba, watau haƙoran gwamna sun karye a ciki. Lalle ne a kai wa makaniki, kada a sake tayar da shi, gama yana iya fasa kansa.

Ana roƙon hakimai su sa malamansu su karanta wa dagatai wannan takarda, su kuma su sanar da talakawa ran kasuwa, tun ba a fara ban ruwa ba.