Darasi Ga Maharba: Harsashi Mai Lamba 22

Jama'a, ga kaka ta wuce, lokacin farauta ya zo. Darasinmu na wannan wata a kan wani ɗan ƙaramin harsashi ne mai lamba 22. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Mene ne shi?

An fara ƙera shi a ƙasar Amurka a shekarar 1887. Har yau yana cikin harsasan da aka fi sayarwa a duniya. Kaurin dalmarsa bai kai na fensir ba, milimita 5 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Nauyinta bai kai giram 3 ba. Albarushin da ke cikin kwansonsa kaɗan ne. Saboda haka ƙararsa ba ta da yawa, kuma bindigar ba ta dukan kafaɗa. Shi ya sa a ƙasashe da yawa da shi ake koyon harbi. Da shi ne kuma ake gasar harbi ta nisan mita 50 a wasannin Olamfik.

Ba kamar bindigar toka ba ne, wadda ke watsa ƙananan duwatsu ko guntayen ƙarfe. Shi dalma ɗaya tak yake fitarwa. In ba ka iya saiti ba, ka yi asara.

Wace dabba ya dace da ita?

Ya dace da ƙananan namun daji, kamar zomo, kurege, gafiya da zabuwar daji. Ba ya ɓata nama. Amma sai maharbi ya matso kusa, kamar taki 50 zuwa 70. In nisa ya kai taki 100, dalmar ta fara sunkuyawa ƙasa. Iska ma tana kautar da ita.

Bai dace da manyan dabbobi ba, kamar gwanki, ɓauna ko mugun dawa. Sau da yawa rauni kawai zai yi musu. Dabbar ta gudu da ciwo, ta je ta mutu a wahale cikin daji. Kai ba ka samu nama ba, ga alhakin dabba a wuyanka. Wata kuma in ta ji ciwo, kanka za ta juyo.

Ina haɗarinsa?

A nan ne mutane ke yin kuskure. Harsashin ya yi wa ɓauna kaɗan, amma ya isa ya kashe mutum. In ka ɗaga baki ka harbi tsuntsu a kan bishiya ka kuskure, dalmar ba ta tsaya ba. Tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. A can akwai manomi, akwai makiyayi, akwai yara masu neman itace. In ta bugi dutse ko saman ruwa, tana iya yin tsalle ta canza hanya.

Don haka a kiyaye:

1. Kada ka harba sai ka ga dabbar sarai, ka kuma san abin da ke bayanta.
2. Kada ka nuna mutum da bindiga, ko da wasa.
3. Cire harsashi kafin ka shigo gari.
4. Ajiye bindiga dabam, harsashi dabam, inda yara ba za su kai ba.
5. A Nijeriya, riƙe bindiga ba tare da lasin ba laifi ne. Farauta a gandun dajin gwamnati, irin su Yankari, ita ma laifi ce.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara ƙera wannan harsashi?
2. Faɗi dabbobi 3 da ya dace da su.
3. Me ya sa harbi sama ke da haɗari?

Rubuta amsoshinka, ka nuna wa malamin ajinku. Ka kuma karanta wa maharban garinku.