Intanet na ɗan lokaci a gida: gwada ɗakinka kafin ka sayi na'ura



Sana'ata haɗa intanet ce a gidaje da shaguna da ƙananan ofisoshi a nan Kano, kuma akwai tambayar da ba ta yanke mini: mutum zai zauna a wani gida na wata ɗaya zuwa uku, yana son intanet mai sauƙin kuɗi, me zai saya? Masu tambayar iri-iri ne. Akwai ɗalibar da ke rubuta aikin kammala digiri, da ɗan bautar ƙasa da aka turo garin da bai sani ba, da iyalin da suka zo hutu daga Saudiyya ko Ingila, har da mai jegon da ta koma wankan gida amma aikin ofis bai ƙyale ta ba. Kusan dukkansu da maganar sayayya suke farawa. Ni kuma nakan ce musu a ajiye kuɗin tukuna.

A Ingila da Amurka, intanet ɗin gida ya daɗe yana bin wayar tarhon girke ko wayar talabijin da aka riga aka shigar gidan, sannan kamfani ya ɗaure mutum da yarjejeniyar shekara guda ko fiye. Mu ba mu gaji wannan ba. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, yawancin gidajenmu ba su taɓa ganin tarho ba. Yau kusan duk intanet ɗin da muke amfani da shi ta iska yake zuwa, daga ƙarfen sabis zuwa sim. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, sunayen kamfanonin ne kawai suka bambanta. Ga mai zaman ɗan lokaci wannan sauƙi ne, ba wata takarda da zai sa wa hannu. Sai dai komai ya rataya ne a kan wane sabis ke shiga ɗakin da za ka zauna.

Ɗaki na ce, ba unguwa ba. Na sha shiga gidan da layin wani kamfani ke gudu a falo, amma a uwar ɗaka sai na wani kamfanin ne kaɗai ke motsi. Bango mai kauri, rufin kankare, rufin kwano, benen maƙwabci da ya tare ka da ƙarfen sabis, duk suna rage sigina. Sandunan nan da kake gani a saman waya ma suna yaudara, domin ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa gaya maka mutum nawa ne suka hau ƙarfe ɗaya tare da kai. Shi ya sa za ka ga sabis a cike da tsakar rana abu na tafiya, bayan sallar isha'i kuwa da kowa ya kwanta da wayarsa, ko hoto ya gagara buɗewa.

Gwajin ba shi da tsada. Ka samu layin MTN da Airtel da Glo da 9mobile, wadda yanzu ta koma T2, ko da aro ne a wurin 'yan gida da maƙwabta. Ka sa wa kowanne 'yar ƙaramar data ta yini ɗaya. Ka zauna a daidai wurin da za ka riƙa aiki, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, da safe sau ɗaya, da daddare sau ɗaya, sannan ka matsa jikin taga ka sake. Idan ya tsaya a 5 Mbps zuwa sama ba ya yawan faɗuwa, ya ishi mutum ɗaya kallo da karatu. Mai shiga taro ta Zoom ya duba gudun turawa ma, ba na saukewa kaɗai ba, domin shi ne ke sa a riƙa ce maka muryarka tana yankewa. Layin da ya ci gwajin dare shi ne naka, ko da ba shi ka saba da shi ba.

Bayan nan sai lissafi, wanda mutane suka fi ƙi. Saƙon WhatsApp da imel da karanta shafuka ba sa cin komai. Bidiyo ne ke cinye data. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya na cin kusan giga 1 a matsakaicin hoto, ya kai giga 3 a hoto mai kyau sosai. YouTube a 480p yakan ci wajen rabin giga a awa. Taron Zoom da kyamara a buɗe yakan kusanci giga 1. Saboda haka ɗalibin da ke da darasin awa 2 kullum, kwana 5 a mako, ya sa ran wajen giga 40 a wata kafin a yi maganar kallon ƙwallo. Wanda ya san wannan ba zai sayi giga 10 ya zo yana rantsuwa an sace masa data ba.

Yanzu mu zo kan na'ura. Mafi araha ita ce wadda kake da ita. Duk wayar zamani tana iya raba intanet ta hotspot, kuma ga mutum ɗaya ko biyu na 'yan makonni, ban ga dalilin sayen wani abu ba. Abin da na fi ba da shawara shi ne a nemo tsohuwar waya mai 4G da ke kwance a durowa, ko da gilashinta ya tsage, a sa mata sim ɗin data, a ajiye ta jikin taga. Wayarka ta hannu ta huta da zafi da cin caji, kuma idan ka fita kasuwa ba ka tafi da intanet ɗin gida a aljihu ba. A dai kula da zafin bazara: kada a bar ta a rana ko ƙarƙashin matashi tana kan caji dare da rana, batir yana kumbura. Idan kwamfuta ɗaya ce tal, haɗa ta da wayar ta igiyar USB ya fi tsayawa.

Idan mutane sun kai huɗu ko biyar, sai a yi maganar MiFi, ƙaramar na'urar nan mai batir da ke ɗaukar wayoyi kamar goma, ko kuma rauta, wadda ta fi ta jan sigina da ɗaukar jama'a amma sai da wuta. Wannan sharaɗin ba ƙarami ba ne a garuruwanmu. Wanda ba shi da sola ko ɗan batirin da ake haɗa wa rauta, da an ɗauke wuta ya koma gidan jiya. Kafin ka biya, ka tambaya ko na'urar a kulle take. Wadda kamfani ya sayar yawanci sim ɗinsa kaɗai take karɓa, ta fi araha kuma takan zo da kyautar data. Wadda ke karɓar kowane layi ta fi tsada, amma ta fi saurin sayuwa idan ka gama. Ta hannu da aka shigo da ita daga waje kuwa, kada ka yarda da baki. A sa sim ɗinka a gabanka ka ga ta kama 4G, domin wasu ba a ƙera su da zangon da kamfanoninmu ke watsa sabis a kai ba. Kafin duk wannan ma, ka cigita a dangi. Rautocin da aka saya aka jefar a kwali sun fi ƙarfin lissafi, aron wata biyu ba zai gagara ba.

Manyan hanyoyin kuwa, wato 5G da fayiba da Starlink, ga ra'ayina a taƙaice. MTN ta fara 5G a 2022, Kano na cikin biranen farko, Airtel ta biyo baya a 2023, amma rautar 5G na da tsada kuma ba kowace unguwa ya kai ba. Fayiba, wato igiyar intanet da ake jawowa har gida, ta fi komai tsayawa inda ta iso, sai dai akwai kuɗin jawowa, kuma ranar tashi ba ka naɗe ta ka tafi da ita. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kayansa kaɗai ɗaruruwan dubban naira ne, ban da kuɗin wata. Baƙon wata biyu ba ya haƙa rijiya, ɗan ga-ruwa yake kira. Sai fa idan aiki ya kai ka dajin da babu sabis ko ɗaya, to a nan Starlink ba ado ba ne.

Wurin sayen data ma akwai ramuka. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, farashin da ka sani a da ya tashi aiki, saboda haka ka duba da kanka. Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk layuka: *312# don sayen data, *323# don ganin abin da ya rage. Babban tsari ya fi araha a kan kowane giga, amma ka dubi wa'adinsa, kada ka sayi na wata uku alhali mako shida za ka yi. Tsarin da ake cewa ba shi da iyaka kuma yawanci yana da ita. Idan ka kai wani adadi sai a rage maka gudu har ka gwammace ka kashe. Ka tambayi adadin kafin ka biya. Kada kuma ka bar kuɗin kira mai yawa a sim ɗin data, domin idan data ta ƙare wani lokaci kan kuɗin ake komawa, a farashi mai zafi.

Masu sayar da data mai rahusa a WhatsApp, akwai na kirki da yawa a cikinsu, neman halal suke yi. Ka fara da kaɗan ka gani. Amma duk wanda ya nemi lambar sirrin da aka turo maka ta saƙo, ko ta katin bankinka, ɓarawo ne, ka rufe shi. Haka sim ɗin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, haramtacce ne a doka, kuma ba ka san abin da aka aikata da shi ba.

Yawancin ƙorafin da ake kawo mini na saurin ƙarewar data, a cikin gidan nake samun mai laifin. Da waya ko kwamfuta ta hau waifai, sai ta ɗauka kyauta ne, ta shiga sabunta manhajoji da tura hotuna da bidiyon biki zuwa ma'ajiyar Google. Kwamfuta mai Windows kan sha giga da yawa a dare ɗaya. A shiga saitin waifai a kunna abin da aka rubuta Metered connection. A hana WhatsApp sauke bidiyon guruf-guruf da kansa, a sauko da YouTube zuwa 480p, a sa ido a kan talabijin mai intanet da wayoyin yara. Kalmar sirrin da aka manna a bayan rauta a canza ta tun ranar farko. Wayoyin Android suna iya nuna wa wani hoton lambar da zai ɗauka ya hau ba tare da ya san kalmar ba, don haka wanda ka ba shi kaɗai zai iya raba wa rabin unguwarku. Ka riƙa leƙa jerin waɗanda suka hau.

Idan aka zalunce ka a kuɗi ko data, ka fara kiran 300, layin ƙorafi na kamfaninka, ka karɓi lambar shaida. In ba su warware ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Ranar da za ka tashi kuma, ka kashe sabunta tsarin data ta kai-tsaye, ka mayar da na'urar saitinta na asali, ka cire sim ɗinka. Don Allah kada ka bar shi a cikin rautar da ka sayar ko ka bayar kyauta. Da lambarka ta NIN aka yi masa rajista, duk abin da aka aikata da shi kai za a nema.