Ka Taɓa Duba Rahoton Bashinka?

Bara na ci bashin dubu goma a wata manhajar waya, na biya. Da na je banki neman rance, sai aka ce wai har yanzu ana bi na. Ashe ba su goge ba!

Ga abin da na koya. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara. Kamfanoni uku Babban Banki ya ba lasisi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Shiga shafinsu da kanka, da BVN ɗinka. Kar ka bi adireshin da aka turo ta WhatsApp, kar ka ba kowa PIN ko OTP. In ka ga kuskure, kai ƙorafi da shaidar biya. Ni dai rasit ne ya cece ni.