Alhaji ya sayi bidiyo

A shekarar 1995, wani Alhaji a Maraɗi ya so ya ga kokowar ƙarshe a telebijin, amma ranar yana da tafiya. Sai ya je kanti sayen bidiyo, don a naɗe masa kokowar a kaset.

Ya nuna wata mai araha. Mai kanti ya ce:

"Alhaji, wannan PAL ce, irin ta Najeriya. Telebijin ɗin Nijar kuwa SECAM ce. In aka naɗa da wannan, hoton zai fito baƙi da fari."

Alhaji ya ce: "Araha ba ta ado." Ya ƙara kuɗi, ya ɗauki mai kama duka biyu.

Da ya dawo, ya ga wanda ya ci takobi, hoto rangaɗau.

Tambayoyi
1. Don me Alhaji ya nemi bidiyo?
2. Don me ya bar mai araha?