Kuɗin abincin yaran reno a Amurka: shawarwari ga mai reno a gida

Renon yara na cikin sana'o'in da mace kan riƙa a Amurka ba tare da ta bar gidanta ba. Iyaye su kawo yaro da sassafe, su wuce wurin aiki, sai gab da magariba su dawo ɗaukarsa. Kafin nan yaron ya ci sau uku. Abin da ke damuna shi ne in ga 'yar uwa tana ciyar da yara biyar ko shida daga aljihunta, alhali akwai shirin gwamnatin tarayya da aka kafa domin a mayar mata da wani kaso na kuɗin cefanen. Sunan shirin CACFP, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Noma ta Amurka, tushensa tun 1968, kuma kowace jiha ke gudanar da nata. Ga abin da ya kamata ki sani.

1. Ba kya shiga kai tsaye. Mai reno a gida sai ta bi ta hannun wata ƙungiya da jiha ta amince mata ta tsaya wa masu reno. Ita za ta yi miki rajista, ta koya miki dokoki, ta karɓi lissafinki duk wata, ta turo miki kuɗi. Gwamnati ke biyan ƙungiyar ladan hidimarta. Sharaɗi shi ne gidanki ya samu lasisi ko amincewar jiha.

2. Ki san matakin da aka ajiye ki. Tun 1997 biyan ya kasu gida biyu. Mataki na ɗaya, wanda ya fi tsoka, na wadda gidanta ke unguwar masu ƙaramin ƙarfi ne, misali inda rabin 'yan makarantar unguwar ko fiye suka cancanci abinci kyauta ko mai rangwame, ko kuma wadda samun iyalinta bai wuce kashi 185 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba. Saura duk mataki na biyu ne. Daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025, ban da Alaska da Hawai da nasu ya fi haka, mataki na ɗaya ya samu dala 1.66 kan karin kumallo, 3.15 kan abincin rana, santi 93 kan abin taɓawa. Mataki na biyu santi 60, dala 1.90 da santi 26. Ki lissafa yara shida, kwana ashirin: mai mataki na ɗaya ta tashi da kusan dala 690, mai mataki na biyu da 330 da ɗoriya. Shi ya sa nake cewa kada ki karɓi mataki na biyu ki naɗe hannu. Ko a cikinsa, yaron da iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne ana iya biyan ki abincinsa a farashin mataki na ɗaya idan sun cike takarda. Farashin yana canzawa kowace 1 ga Yuli.

3. Ana biyan abinci biyu da abin taɓawa ɗaya ga kowane yaro a rana, ko abinci ɗaya da abin taɓawa biyu. Yaron kada ya wuce shekara 12, sai dai mai nakasa.

4. Faranti yana da ginshiƙai. Karin kumallo uku: madara, hatsi, da 'ya'yan itace ko kayan lambu. Ana iya sa ƙwai ko nama a madadin hatsin, amma sau uku kawai a mako. Abincin rana da na dare biyar: madara, nama ko makwafinsa, kayan lambu, 'ya'yan itace, hatsi. In babu 'ya'yan itace, kayan lambu iri biyu daban-daban sun wadatar. Abin taɓawa kuwa biyu daga cikin biyar ɗin nan. Ginshiƙi ɗaya ya faɗi, kuɗin abincin gaba ɗaya ya tafi, komai daɗin girkin.

5. Madara ce ke yawan kayar da mutane, domin mu ba mu saba haɗa ta da abincin rana ba. Ɗan shekara ɗaya madara mai cikakken maiƙo ake ba shi. Daga shekara biyu zuwa biyar sai mai maiƙo kashi ɗaya cikin ɗari ko marar maiƙo, kuma ba mai ɗanɗanon cakulan ba. A karin kumallo da abincin rana, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu rabin kofin awo, ɗan uku zuwa biyar kashi uku cikin huɗu na kofi, ɗan shida zuwa sama kofi guda. Ki sayi kofin awo na gaske, ki zuba ruwa ki gwada kofunan yaran sau ɗaya, ki ga inda ma'aunin ya tsaya. Sau da yawa ɗan kofin roba mai kyan gani ba ya ɗaukar abin da doka ta ce.

6. Abincinmu na gida yana shiga, kuma a nan nake so mu daɗe. Babu dokar da ta ce sai burodi da cuku za ki ba yara, babu kuma wadda ta tilasta miki naman alade. Kaza, naman sa, kifi, ƙwai da wake duk karɓaɓɓu ne. Sai dai akwai wuraren tuntuɓe.

Tun 1 ga Oktoba 2017 aka hana soya abinci tsundum cikin mai a gidan reno. Ke nan ƙosai da fanke da soyayyar doya sun fita daga lissafi. Amma waken nan da kika jiƙa kika markaɗa, ki mai da shi alale ki turara, ya zama makwafin nama. Wake yana iya tsayawa a matsayin nama ko a matsayin kayan lambu, amma ba duka biyun a faranti ɗaya ba. Suya da ɗan mai kaɗan a kasko ba laifi.

Doya, dankali da rogo kayan lambu ne a wannan lissafi, ba hatsi ba. Idan kika yi faten doya, har yanzu da sauran hatsi a kanki.

Shinkafa ma sai an duba buhu. Farar shinkafa ba ta shiga sai wadda aka ƙara wa sinadarai, za ki ga an rubuta “enriched” a jikin leda. Manyan buhunan da muke saye a shagunan kayan Afirka da na Asiya da yawa ba su da wannan kalma. Haka garin masara na tuwo. Sannan aƙalla sau ɗaya a rana dole hatsin ya zama mai ɗauke da dusarsa: jar shinkafa, alkama da ba a cire mata komai ba, gero ko dawa da ba a surfe ba. Kunun gero da safe, madara a kofinta daban, ayaba a gefe, kin cika sharaɗin ranar tun kafin hantsi.

Miya kuma, ɗan shekara uku zuwa biyar yana bukatar kwata na kofi na kayan lambu a abincin rana. Da wuya ki nuna wannan a cikin miyar kuka mai ruwa-ruwa. Ki dafa alayyahu, kabewa ko karas a gefe, a gan su a faranti. Kindirmon da kika haɗa da kanki ba ya shiga, sai yogot na kanti.

7. Zaƙi an taƙaita shi. Kek, biskit mai zaƙi da donat ba sa tsayawa a matsayin hatsi. Ruwan 'ya'yan itace sau ɗaya a rana, kuma tsantsa. Daga Oktoban 2025 sukarin da aka ƙara ake dubawa: giram 6 a kowace oza ta hatsin kwali, giram 12 a oza shida ta yogot. Ruwan sha kuwa ya kasance a kusa duk yini, kina yi musu tayi.

8. Jariri a ba shi nono ko madarar jarirai ta gwangwani mai sinadarin ƙarfe, ba ruwan lemo ko kaɗan. Wajen wata shida, in ya nuna alamar shiri, a fara ba shi abinci mai laushi da sanin uwarsa. Uwa ta tatso nono ta kawo, ko ta zo ta shayar da shi a gidanki, duk ana biyan ki. Ki tanadar mata kujera a wuri mai sutura, domin uwar da ta saci mintuna ashirin daga wurin aiki ta cancanci a sauƙaƙa mata.

9. Rubutu. Na san yadda sha biyun rana take a gidan reno: ɗaya na kuka, ɗaya ya kifar da madara a kan tabarma, tukunya na kan wuta, waya na ƙara. A irin wannan lokaci mace kan ce bari yara su tafi in rubuta, gobe ta ce sai ƙarshen mako. Nan kuɗi ke zubewa. Doka ta ce a rubuta abin da aka ci da waɗanda suka ci kafin ranar ta ƙare. Ki manna takarda a jikin firiji da biro ɗaure da zare, ko ki buɗe manhajar da ƙungiyarki ta ba ki da zarar yara sun kwanta barcin rana. Jami'ar ƙungiya za ta ziyarce ki aƙalla sau uku a shekara, biyu daga ciki ba sanarwa, kuma za ta zauna ta ga yara suna ci. In za ki fita da su a lokacin abinci, ki sanar tukuna. Takardun rajistar yara a sabunta su duk shekara, a adana komai shekara uku bayan wadda ake ciki.

Ina roƙonki, kada ki taɓa rubuta yaron da bai zo ba. Haƙƙi ne, sannan wadda aka kora kan irin wannan sunanta na zama a jerin waɗanda aka haramta wa shirin a faɗin ƙasar har shekara bakwai.

10. 'Ya'yanki na cikinki ana biyan abincinsu ne kawai idan samun gidanki ya cancanta, kuma akwai yaran reno zaune suna ci tare da su. Yaron da wani abinci ke yi wa illa, irin su gyaɗa ko ƙwai ko madarar shanu, ki sa iyayensa su kawo takardar likita mai faɗin abin da za a guje wa da abin da za a ba shi a madadinsa. Kwafi ɗaya ya tafi wurin ƙungiya, ɗaya ki liƙa a cikin ƙofar kabad ɗin kicin, inda duk mai taya ki aiki za ta gani kafin ta zuba abinci.