Idan Kalma Ta Ɓace Bayan Raunin Ƙwaƙwalwa

Jama'ar Kuluba da 'yan kasuwar Rood Woko, akwai lalurar da ake yawan ɗauka taɓin hankali ce ko shafar aljanu, alhali rauni ne a ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiranta afaziya. Tana biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan haddasawa, ko buguwar kai a haɗarin babur.

Kafin mutum ya furta kalma, ƙwaƙwalwa na riƙe ma'anar abin da yake nufi, ta zaɓo sunansa, ta jera sautukansa, sannan ta umarci harshe da leɓɓa. Ga mafi yawan mutane, ɓangaren hagu ne ke wannan aiki, kuma shi ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki. Shi ya sa mutuwar hannun dama kan zo tare da ɗaukewar magana. Tun a 1861, likita Paul Broca na Faransa ya bayyana wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai “tan”, ko da yake yana fahimtar abin da ake faɗa masa.

Idan zaɓen kalma ya lalace, sai mai lalura ya ce “sukari” yana nufin gishiri. Idan jeren sauti ne, sai “tabarma” ta fito “tamarba”. Ɗan kasuwa kan san kuɗin kayansa sarai, amma bakinsa ya ce ɗari a maimakon hamsin. Mai jin Hausa da Mosanci da Faransanci kan ga harshe ɗaya ya riga sauran dawowa.

Da zarar magana ta rikice farat ɗaya, ko baki ya karkace, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, ko a garzaya asibitin Yalgado Ouédraogo. Kada a jira gari ya waye, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin yana iya shaƙewa.

A gida, a yi masa gajeriyar magana, a ba shi lokaci. Idan ya kakare, a furta masa farkon kalmar, ko ya nuna da yatsa. A rumfa, ya rubuta farashi idan yana iyawa, wani amintacce na gefensa. A nemi likitan koyar da magana, wato ortofonis. An fi samun sauƙi a watannin farko, amma mai ƙoƙari kan ci gaba har bayan shekaru.

Ku riƙa auna hawan jini, ku sa hular kwano a kan babur.