Ɗaukar Hoton Taurari a Bakin Madatsar Ruwa ta Challawa

Duk wanda ya kwana a ƙauyukan Ƙaraye ko Rogo ya san taurarinsu sun fi na birnin Kano yawa a ido, saboda ƙarancin hasken lantarki. Bakin madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, wuri ne da ya dace ɗalibi ya gwada ɗaukar hotonsu.

Da farko, a zaɓi daren ƙarshen wata, musamman cikin Nuwamba kafin hazo ya yi kauri, lokacin da Kaza da 'Ya'yanta ke ɓullowa daga gabas bayan magariba.

Na biyu, a bar ido ya saba. Ƙwayoyin da ke gani cikin duhu a ƙuryar ido suna buƙatar kimanin minti 30 kafin su farfaɗo, kuma farin haske kan ɓata wannan shiri nan take. Saboda haka a lulluɓe bakin tocila da jar leda. A sa rufaffen takalmi, domin kububuwa da dare take farauta.

Na uku, a girke kyamara ko waya yadda ba za ta motsa ba, a bar ta tana karɓar haske na daƙiƙa 15 zuwa 20. Duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa. Idan aka zarce haka, taurarin sai su fito kamar zare.

Wajen gyara a kwamfuta, a ƙara haske, a rage dishi-dishi, amma kada a ƙara tauraro ko ɗaya. Ranar da fitilu suka cika garuruwan nan, wannan hoto ne zai nuna wa jikokinmu abin da muka gani.